Waya Ta Kama Waifai Amma Intanet Ya Ƙi: Abin Da Uwargida Za Ta Duba Da Kanta

   

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen raino ba. Wata wasiƙa ce ta sauya mana akala. Wata 'yar uwa ce daga cikin birnin Kano ta rubuto, ta ce in sakaya sunanta. Atamfa da leshi da turaren wuta take sayarwa daga cikin ɗakinta. Ba ta fita. Hoto take ɗorawa a WhatsApp, mai so ta zaɓa, ta turo kuɗi, yaro ya kai mata kaya. Ana saura kwana shida Sallah ƙarama, abin ya tsaya cak. Akwatin intanet yana kunne, fitilunsa suna ci, waya ta nuna ta kama shi, har saƙon rubutu yakan ɗan fita jefi-jefi, amma hoto ko ɗaya ya ƙi tafiya, manhajar banki kuma ta ƙi buɗewa, balle ta ga wa ya biya wa bai biya ba. Maigida yana Fatakwal sai jajiberi zai dawo, gidan kuwa ba shiga. Ta sayi data har sau biyu a zaton ita ce ta ƙare. Sai da ta kwana uku a haka kafin ƙanenta ya zo daga makaranta, ya karɓi wayar, bai yi minti biyar ba ya miƙo mata. Kafin nan masu saye biyu sun koma wajen wata.

Ta ce, "Anti, ba asarar ce ta fi ci mini rai ba. Da na ga ɗan abin da ya taɓa, sai na ji kamar in yi kuka, don da hannuna ma zan iya."

To ni dai ba injiniya ba ce, aikin jarida na karanta. Amma na zauna da masu kula da na'urorinmu a nan wurin aiki, na yi ta damunsu da tambaya, na kuma je gida na gwada a kan namu akwatin. Ki jawo takarda da biro, don akwai 'yan lambobin da za ki so ki ajiye.

Mu fara da fasalin gida, tunda shi muka fi sani. Wannan akwatin da maigida ya kawo, ko babba mai eriya da ake kira rauta, ko ɗan ƙaramin nan mai batiri da ake sa wa layi a ciki wanda ake kira maifai, ki ɗauke shi a matsayin zaure. Duk abin da zai shigo daga waje a zaure yake tsayawa, duk abin da zai fita ta nan zai bi. Mutanen waje gida ɗaya suka sani, da adireshi ɗaya. Amma a ciki akwai ɗakuna: wayarki, ta abokiyar zamanki, kwamfutar yara, talabijin in mai hawa intanet ce. A zauren akwai ɗan aike, shi ne ya san wane ɗaki ne ya aika a sayo me, in saƙo ya dawo ya kai shi inda ya dace.

Kafin ki buɗe shafi ɗaya, abu huɗu ne sai sun daidaita. Wayarki ta ji muryar zaure. Zaure ya ba ta lambar ɗaki. A samu wanda zai faɗa mata inda gidan da take nema yake. Sannan hanyar da ta tashi daga zaure zuwa waje ta kasance a buɗe. Wannan alamar mai kama da mafici da kike gani a saman waya, na farkon kaɗai take shaida miki. Ko ta cika maƙil, abin da take cewa shi ne waya da akwati suna jin juna. Ba ta ce komai ba game da sauran ukun. A nan yawancinmu muke ruɗewa, mu ce ai ga shi ta kama.

Saboda haka tambayar farko, kafin ki taɓa komai: ke kaɗai ce, ko duk gidan ne? Ki leƙa ɗakin da ke kusa, ki ce wance, taki tana yi? In duk wayoyin gidan sun tsaya, to ki bar wayarki ta huta, laifin yana zaure ko yana waje. Ki dubi fitilun akwatin. A yawancinsu, in fitilar sabis ta koma ja, akwatin bai samu kamfanin layi ba. Ki duba data. Tun 2023 kamfanonin layi a Nijeriya suka koma lamba iri ɗaya, *323# ake latsawa a ga abin da ya rage, in kuma layin yana cikin akwati, shafin akwatin ko manhajar kamfani za su nuna miki. Ki lura da irin datar kuma, domin akwai mai arha wadda ta WhatsApp da Facebook ce kawai. In ita yaro ya sayo bisa kuskure, hira za ta yi ta tafiya, sauran komai ya ƙi.

Wani lokaci kuwa abin ya fi ƙarfin gidanki da unguwarku baki ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, Nijeriya da Gana da maƙwabtansu suka shiga wahala kwana da kwanaki, har bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. A irin wannan rana ko ki kwana kina latse-latse, ba abin da zai sauya. Ki kira wata a wata unguwa ki ji, ki kunna rediyo.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan, sai ki yi maganin gargajiya: ki kashe akwatin, ki zare shi daga wuta, ki ƙirga talatin a nitse, ki mayar, ki ba shi minti biyu ya gama farkawa, sannan ki kashe waifai na wayarki ki sake kunnawa. Kada ki raina wannan. Za ki ga dalilin da ya sa yake aiki nan gaba kaɗan.

To, in kuwa na kowa yana yi, taki ce kawai ta ƙi, mun zo kan lambar ɗaki.

Sunanta adireshin IP. Lambobi ne kashi huɗu, da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255. A cikin gida galibi za ki ga ta fara da 192.168, misali 192.168.8.101. Akwai kuma masu farawa da 10, da wasu masu farawa da 172. Waɗannan an ware su ne tun 1994 don amfanin cikin gida, shi ya sa taki za ta iya zama iri ɗaya da ta wata a Zinder ko Kumasi ba tare da an yi karo ba, kamar yadda kowane gida yake da ɗakin uwargida amma ba a rikita su. Dalilin wannan dabara kuwa ƙaranci ne: irin waɗannan lambobi kimanin biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma a Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar da ake rabo daga cikinta ta ƙare. In kin ga wani dogon adireshi mai haruffa a gauraye, wanda ya fara da fe80, sabon tsari ne, ki bar shi, ba shi muke nema ba yau.

Wa ke ba waya wannan lamba? Akwatin ne, ta wani tsari da za ki ga an rubuta DHCP. Ki tuna rabon tuwo da dare. Yaro ya zo ya ce ga ni, ki ɗauki kwano ki miƙa masa, kin san wannan kwanon yana hannun wane. Haka waya take yi duk sanda ta shigo: ta yi sallama, akwati ya ce ga lamba kaza, ta ce na karɓa, ya rubuta. Kuma aro ne, ba kyauta ba. Wasu akwatunan awa 2 suke bayarwa, da yawa awa 24, in lokaci ya yi nisa waya ta sabunta. Tare da lambar yakan faɗa mata abu biyu: ga lambar zaure, ga kuma wanda za ki riƙa tambaya sunaye. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Yadda za ki ga taki: ki shiga setin na waya, ki shiga waifai, ki taɓa sunan na gidanku ko ɗan hoton da ke gefensa. Tecno da Infinix da itel da Samsung kowacce da ɗan bambancinta, amma za ki ga inda aka rubuta "IP address". In kin ga 192.168 da sauransu, an ba ki kwano. In kuwa waya ta tsaya tana ta nuna "Obtaining IP address", ta juya ta juya ta faɗi, to ta yi sallama ba a amsa ba. A kwamfuta da iPhone alamar daban ce: za ki ga lamba mai farawa da 169.254. Wannan ba akwati ne ya bayar ba. Na'urar ce ta gaji da jira ta laƙaba wa kanta, kamar yaron da ya ɗauko kwano a kicin ya zauna da shi, alhali ba a zuba masa komai ba. Duk inda kika ga 169.254, kada ki ɓata kuɗinki a kan data.

Me ke hana a amsa? Na farko, kuma wanda na fi gani a gidajenmu, cikowa. Ƙananan maifai da yawa na'ura 10 suke ɗauka, wasu 16, wasu 32, an rubuta a jikin kwali. Mu kuwa gidajenmu masha Allah. A yi suna ko biki, kowace baƙuwa ta ce a sa mata lambar sirri, yara su ba abokansu, abokan su zo su jingina da katanga da yamma. Ni kaina na taɓa leƙa namu na tarar da na'ura goma sha huɗu, alhali mu bakwai ne masu waya a gidan. Ke mai gidan sai ki zo a ƙarshe ki tarar kwanuka sun ƙare. Kashewa da kunnawa yana share rajistar rabon, a fara daga farko, shi ya sa yake aiki. Amma in ba a sauya lambar sirri ba, gobe ma haka za a yi.

Na biyu nisa. Katangar ƙasa mai kauri, ko ɗakin da ke can ƙurya, sallama ta isa zaure amma amsar ta ɓace a hanya. Ki matso kusa da akwatin ki gwada. In ta kama a nan, akwatin ne yake son a sauya masa wuri, a ɗaga shi sama, a fito da shi daga bayan firji ko cikin kabad.

Na uku shi ne wanda nake so ki fi kula da shi. A cikin wancan shafin na waifai akwai inda aka rubuta "IP settings", da zaɓi biyu: "DHCP" da "Static". Na biyun ma'anarsa wani ya rubuta wa wayar lamba da hannu, ya ce kada ta ƙara tambayar kowa. Masu gyara sukan yi haka don su wuce wurin da sauri, kuma ranar yakan yi aiki. Matsalar tana zuwa daga baya. A ce maigida ya sauya akwati, da ana amfani da mai lambar zaure 192.168.0.1, ya kawo mai 192.168.8.1, ya sa masa suna da lambar sirri irin na da don kada a wahala. Duk wayoyin gida za su karɓi sabuwar lamba su wuce. Taki kuwa tana nan tana ƙwanƙwasa ƙofar zauren da aka riga aka rushe. Ko kuma akwatin, da yake bai san an rubuta miki 192.168.8.102 da hannu ba, ya ɗauki wannan lambar ya ba wayar wani. Ɗaki biyu lamba ɗaya, ɗan aike ya rasa inda zai kai saƙo: yanzu ya yi, an jima ya yanke, in waccan wayar ta fita unguwa komai ya daidaita, ta dawo a koma gidan jiya. Wannan ciwon yakan sa mutum ya zargi kamfanin layi a banza. Kwamfutar da aka zo da ita daga ofis ko makaranta ma takan zo da irin wannan lamba ta can.

Maganin duka ɗaya ne: ki mayar da shi "DHCP". In kin rasa wurin, ki danna sunan waifai ɗin ki zaɓi "Forget", wato waya ta manta da shi, sannan ki sake shiga kamar baƙuwa. Amma fa ki tabbata lambar sirrin tana hannunki kafin ki yi haka, kada a gudu ba a tsira ba.

Akwai na huɗu, na manyan gidaje. Sabis ba ya kai wa sashen Hajiya, sai a ɗauko tsohuwar rauta a ja mata waya daga ta farko. Dabara ce mai kyau. Amma in aka haɗa su ta ramukan cikin gida ba a kashe rabon lamba a ta biyun ba, an samu masu rabon tuwo biyu a tukunya ɗaya. Wadda ta riga amsawa ita waya za ta bi, in kuwa ta biyun ce, za ta nuna mata kanta a matsayin zaure, alhali ba ta da ƙofar waje. Alamarsa, yau wannan waya ta ƙi, gobe waccan, kuma in kin duba lambobinsu sai ki ga kashi na uku ya bambanta, wata 8 wata 0. Ki zare ta biyun ki gani. In gida ya zauna lafiya, sai a faɗa wa wanda ya haɗa ya kashe DHCP a cikinta.

Yanzu a ce lambarki lafiya lau, data akwai, na kowa yana yi. Saura mai faɗin sunaye.

'Yar uwa, lambar waya nawa kika haddace? Ni daga tawa sai ta maigida sai ta mahaifiyata. Sauran suna nake nema, waya ta nemo lambar. Intanet ma haka yake. Na'urori ba su san wani abu google.com ba, lamba suka sani. Duk sanda kika rubuta suna, ko kika buɗe manhajar banki, sai waya ta fara aikawa a tambayo: wannan sunan, mece ce lambarsa? Mai amsa wannan tambaya shi ake kira DNS. Wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, shi ya tsara shi a 1983. Kafin nan takarda guda ce ta sunaye ake kwafa ana rabawa, da na'urori suka yi yawa abin ya gagara. Ni dai dillaliya yake tuna mini. Ke kina ɗaki, ba ki san ƙofar gidan kowa ba, amma ita kina ambaton suna za ta ce bayan masallaci, gida na uku. Ranar da ta kwanta rashin lafiya, hanya tana nan, gidajen suna nan, ɗan aike yana nan, amma kaya ba sa fita.

Ko manya abin yana kayar da su. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Kuskure aka yi a cikin kamfanin wajen gyara, na'urorinsu masu amsa sunaye suka ɓace daga hanya, duk wayar da ta tambayi ina gidan WhatsApp sai a ce ba a sani ba. Da yawa a cikinmu a daren nan mun yi ta kashe waya muna kunnawa.

Alamar ciwon DNS ita ce abu ya yi rabi-rabi. Saƙon rubutu ya fita, hoto ya ƙi. Shafin da kika buɗe ɗazu ya yi, sabo ya ƙi. In kin buɗe Chrome, ki daure ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan saƙon kuskuren, kada ki rufe da sauri. In kin ga haruffan DNS a ciki, ko "ERR_NAME_NOT_RESOLVED", ga mai laifin nan. Sai dai ki fara duba ko ke ce kika yi kuskuren harafi a sunan shafin, don ko dillaliya ba ta san gidan da babu shi ba.

Mai kwamfuta a gida tana da gwajin da ya fi wannan tabbas, kuma yaranki 'yan sakandare za su ji daɗin yin sa tare da ke. A Windows, ki danne maɓallin mai hoton taga tare da R, ki rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Ki rubuta ipconfig, za ki ga lambarki, da ta zaure a gaban "Default Gateway". Sai ki rubuta ping, ki bar fili, ki sa lambar zauren. In kin ga "Reply from", ɗaki da zaure suna magana. Sai ki rubuta ping 8.8.8.8. In an amsa, ƙofar waje a buɗe take. Sai na ƙarshe, ping google.com. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi, magana ta ƙare, DNS ne. A nan ipconfig /flushdns yana goge tsofaffin amsoshin da kwamfuta ta ajiye, ipconfig /release sannan ipconfig /renew kuma su sa ta mayar da kwano ta karɓi sabo.

A wayar Android, tun daga ta 9 wadda ta fito a 2018, akwai wani wuri mai suna "Private DNS". Ki rubuta shi a wurin bincike na cikin setin, zai fito. Zaɓi uku ne: a kashe, "Automatic", ko a rubuta suna da hannu. In kin tarar da wani suna a rubuce wanda ba ke kika sa ba, ki mayar da shi "Automatic". Yara ne suke sa shi, don an ce musu yana hana talla fitowa a wasanni. Ranar da wancan wurin ya daina amsawa, ko aka yi kuskuren harafi ɗaya, waya ba za ta tambayi kowa ba sai shi, ko a waifai ko a datar layinki. Ki duba saman waya kuma ko akwai ɗan hoton makulli. Wannan VPN ne. Tun lokacin da aka rufe Twitter a Nijeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya cika wayoyin mutane, ga kuma masu sa shi don neman intanet na ɓagas. In ya maƙale, komai ya maƙale. Ki kashe shi ki gwada.

In kuwa dillaliyar kamfanin layinku ce take yawan kwanciya, kina da damar sauya ta. Google yana da 8.8.8.8 da 8.8.4.4 tun 2009, Cloudflare yana da 1.1.1.1 tun 2018, duka kyauta ne. A iPhone, cikin shafin waifai akwai "Configure DNS", nan ake sa lambar. A Android ni na fi son a bi ta "Private DNS", a rubuta dns.google, domin shi suna yake karɓa ba lamba ba, kuma ya raba ki da komawa "Static" da muka gama kuka da shi. Iyaye mata kuma ga wani abu: Cloudflare yana da 1.1.1.3, wanda yake ƙin nuna hanyar shafukan batsa da na masu cutar da na'ura. A wayar yaro ana rubuta family.cloudflare-dns.com, ko a sa lambar a cikin akwati ta shafi duk gidan. Yana taimakawa, amma kada ki saki jiki, yaron da ya iya sa VPN ya tsallake shi, kuma ba ya ganin abin da ake turo masa a WhatsApp.

Abin da sauya DNS ba ya yi kuwa, ba ya ƙara miki data, ba ya ƙara ƙarfin sabis, ba ya ba da intanet kyauta, ko me aka faɗa a guruf. Ina ma roƙonki, kada ki sa lambar da aka turo miki wadda ba ki san mai ita ba. Dillaliyar da ba ta da amana tana iya cewa ga gidan banki, ta kai ki gidan ɓarawo da aka yi wa fenti iri ɗaya. An yi haka. A Nuwamban 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bankaɗo wasu mutane a ƙasar Estoniya da suka sauya wa kwamfutoci kimanin miliyan 4 DNS ba da sanin masu su ba, suna karkatar da su inda suka ga dama. Mai sana'ar da kuɗinta ke shiga ta waya, wannan ba abin wasa ba ne gare ta.

Shi kansa akwatin ana shiga cikinsa. Ki juya shi, ko ki cire batirin maifai, akwai takarda a manne mai ɗauke da lambarsa da sunan shiga. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE da TP-Link da yawa 192.168.0.1, wasu 192.168.1.1. Ki rubuta lambar a Chrome kamar sunan shafi, ko babu data zai buɗe, don zaure za ki, ba waje ba. A ciki za ki ga ƙarfin sabis, da jerin duk wanda ke hawa, da wurin sauya lambar sirri. Leƙawa ba ta ɓata komai. Sauyawa kuwa, tunda kayan gida ne na kowa, a yi shawara da maigida da abokan zama tukuna, kada ki gyara intanet ki ɓata zaman lafiya. Duk abin da za ki taɓa, ki rubuta yadda kika same shi a littafin da kike rubuta bashi, ko ki ɗauki hotonsa, kuma abu ɗaya ake sauyawa a gwada kafin a taɓa na biyu. In har yanzu kalmar shiga akwatin admin ce kamar yadda ya zo daga kanti, a sauya ta.

Akwai wani ɗan rami a jikinsa da aka rubuta "Reset". Don Allah a ɓoye wa yara tsinke. Wannan ba kashewa da kunnawa ba ne, yana goge suna da lambar sirri da duk abin da aka saita, ya koma yadda ya fito daga kwali. Ni na taɓa yi da tsinken sakace, a zatona gyara nake, muka kwana biyu ba intanet, ina ta shan kallo.

In duk kin bi waɗannan abin ya ƙi, kiran mai gyara ba gazawa ba ne, kuma sau da yawa ba sai ya shigo ba. Lambar kula da masu hulɗa ta kamfanonin layi yanzu 300 ce. Bambancin shi ne, maimakon ki ce "intanet ba ya yi", za ki ce duk gidan ne ko waya ɗaya ce, fitila ja ce ko ba ja ba, lambata ta fara da 169.254, ko lamba tana amsawa suna ba ya yi. Da wannan ko ƙanenki yana Zariya zai iya faɗa miki abin yi ta waya.

Ita kuwa mai wasiƙarmu, na kira ta na tambaye ta me ƙanen nata ya taɓa. Ta ce wani wuri ne mai suna "Private DNS". Ɗanta ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare ne ya rubuta wani suna a ciki tun watanni baya, don wasan ƙwallon da yake yi a wayarta in ta shiga kicin. Ƙanen ya mayar da shi "Automatic", hotuna arba'in da wani abu suka fita a jere. Datar da ta saya sau biyu tana nan, ta ce har bayan Sallah ba ta ƙare ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan saƙonnin bogi masu cewa an turo kuɗi alhali ba a turo ba, don wasiƙu uku ne a gabana a kan haka. Wadda abin ya taɓa samu ta rubuto mana yadda aka yi, za mu sakaya suna.